Jirgin da Ya Zauna a Kan Wutsiya

A layinsu Mai Haƙora ake ce masa, don sana'arsa ke nan: haɗa haƙoran roba a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin haƙori. Likita ya auna bakin mutum ya aiko masa, shi kuma ya zauna gaban fitila da tabarau a kan hanci, ya sassaƙa, ya goge, ya daidaita, har tsohuwar da ta shekara goma tana kare baki da hannu ta fito tana yi wa kowa dariya, da dalili da babu. Hannu ne da shi, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ya sani. A gida kuma Yaya ne, don shi ne babba a ɗakinsu. Amma sunan da ya fi so a duniya mutum ɗaya ne tak yake kiransa da shi, kuma shekara biyu ke nan rabon kunnensa da jin sa.

Injiniya. Baba ne ya laƙaba masa tun yana ɗan shekara tara.

Shi Baba bakaniken jiragen yaƙi ne a ƙuruciyarsa. Bai taɓa harbin ko kaza ba, sama kuwa sau biyu ya taɓa hawa, duka biyun sai da ya yi amai. Aikinsa a ƙasa yake, ƙarƙashin fiffike, da sifana a hannu da baƙin mai har gwiwar hannu. Da yaƙi ya ƙare ya dawo ya buɗe garejin motoci, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, amma in jirgi ya gifta ta sama, ko loma ce a bakinsa sai ya ɗaga kai. Wata rana ya shigo gida da kwali mai hoton jirgi yana aman wuta. A ciki guntayen roba ne masu launin toka manne a jikin wasu sanduna, da takardar bayani, da 'yan sitika ƙanana na mannawa. Ya kira babban ɗansa ya ce ya je ya wanke hannu.

A ranar ya koya masa abin da bai taɓa mantawa ba. Irin jirgin nan mai taya uku, ɗaya a ƙarƙashin hanci, biyu a ƙarƙashin fukafukai, na gaskiya nauyin inji da bindigogi ne ke danne gabansa. Na roba kuwa cikinsa fayau yake, wutsiya ta fi gaba nauyi. Jikin kuma ɓari biyu ne, dama da hagu, da ake haɗawa da gam. Baba ya lalubo noti biyu daga aljihun rigar aikinsa, ya manna su a cikin hancin.

"Kafin ka rufe ciki, ka ba hanci abincinsa," in ji shi. "In ka rufe, ka rufe ke nan. Kuma in ka ga wani zai rufe bai sa ba, riƙe masa hannu. A filin jirginmu wanda ya manta faɗa ake yi masa. Wanda ya gani ya yi shiru, korarsa ake yi."

Da jirgin ya tsaya cak a kan tayoyinsa uku, Baba ya shafa masa kai ya ce, "To, Injiniya." Shekara arba'in da shida ke nan yanzu, kuma jirage arba'in da uku ne jere a kabad ɗin gilashi na falonsa, kowanne tsaye cak.

Yanzu Baba ya tsufa, irin tsufan nan da ke kwashe wa mutum kayan kansa ɗaya bayan ɗaya. Tun rasuwar Mama yake gidan Yaya, a ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Yaya ke yi masa wanka, shi ke yi masa aski, shi ke lallashinsa ya haɗiyi magani safe da yamma. Haƙoran da ke bakin Baba ma shi ya yi su, ya ɓata sati uku a kansu, har 'yar wushiryar da tsohon yake da ita a da sai da ya mayar masa. Kuma kullum in ya gama ɗaura masa maɓallin riga, sai Baba ya dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙo ya ce, "Na gode, bawan Allah. Allah ya saka wa iyayenka, sun iya tarbiyya."

Da haka Baba yake yi wa kowa, da da sauƙi. Ciwo ne, sai haƙuri. To amma akwai Auta.

Auta direban bas ne, ƙanin Yaya da ya ba shekara goma sha huɗu, mutum mai ƙaton ciki da dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Ran Asabar kaɗai yake zuwa, ita ma ba kowace ba, da lemo huɗu a leda kamar mai zuwa duba maƙwabci. Amma ƙafarsa ɗaya na ciki ɗaya na waje Baba zai gyara zama ya ce, "Auta! Ka zo? Ka ci abinci?" Sai ya kama hannunsa ya riƙe, ya waiwayo ya ce, "Bawan Allah, kawo wa ɗana kujera."

Yakan kuwa kawo. Me zai yi? Yana ajiye kujerar sai ya kau da kai. Kishi ne, ba wani suna da za a sauya masa, kishi tsagwaronsa, a zuciyar mutum mai furfura da jika biyu. Kuma ba yau ya fara ba. Auta yana ɗan shekara shida ya ɗauki jirgin da Yaya ya yi wata biyu yana haɗawa, ya hau saman bene ya cilla shi, wai ya ga ko zai tashi. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai yaron gaskiya gare shi, jirgi don tashi aka yi shi. Yaya ya tsince guntayen shi kaɗai. Har yau in ya tuna sai ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

Wata nas mai zuwa duba Baba ce ta ba da shawara a riƙa ajiye masa abubuwan ƙuruciyarsa a gabansa, ta ce wani lokaci sukan jawo tunani ya dawo. Yaya ya riƙo hannun Baba ya kai shi gaban kabad ɗin gilashi. Tsohon ya dubi jirage arba'in da uku kamar yadda ake duban kayan shagon da ba a da niyyar shiga, ya ce ƙafarsa na ciwo. Yaya ya yi kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya gano: duk cikinsu babu jirgin Baba. Akwai wani tsohon hoto a akwatin Mama, Baba yana saurayi siriri, ya dafa tayar hancin wani jirgi mai inji biyu, da lamba a wutsiya. Wata uku Yaya ya yi yana cigiya kafin wani mai shagon kayan wasa ya samo masa kwalinsa. Ya rungumo shi zuwa gida kamar jariri. A ransa ya ce, to, bana za a ga abin da ya fi lemo huɗu.

Kuskurensa ɗaya, ya bar kwalin a kan tebur ran Asabar. Auta ya gani, ya jujjuya shi, ya tambayi inda shagon yake. Asabar ta gaba sai ga shi ya shigo da irinsa sak a hammata.

"Ashe biyu mutumin ya kawo! Yaya, ni ma zan gwada. Kowa ya yi nasa, mu kai wa Baba rana ɗaya."

"Kai? Kai da ko zare ba ka iya zurawa a allura?"

"Ai shi ya sa na zo wurinka. Ka koya min."

Matar Yaya tana bakin ƙofa da tiren shayi, ta ce, "Ka koya masa mana, Baban yara. Teburin nan ai ya ishi mutum biyu." Ya harare ta, ta yi kamar ba da ita ake ba.

Haka suka fara zaman Asabar da rana a ɗakin aikin Yaya, inda reza da hantsaki da samfefa da burusai kowanne yake da mazauninsa. Auta ya zo ya hargitsa komai. Guntu da yatsa yake ɓalle shi maimakon ya yanka da reza, gam kuwa zuba shi yake kamar mai ba shuka ruwa, takardar bayani ko kallo ba ta ishe shi ba, wai hoton kwali ya wadatar. Bakinsa kuma ba ya hutawa: yau labarin fasinjan da ya shigo da akuya ya ce 'yarsa ce, gobe na kwandastan da ya yi barci aka wuce da shi tasha uku. Sau biyu suna rarrafe a ƙasa, manya da su, suna neman sitiyarin matuƙi wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yaya yana faɗa yana tsaki, amma can ƙasan ransa daɗi yake ji. Bari dai ya gama ɓarnarsa a jera su gefe da gefe, ko makaho ya shafa zai bambanta.

Sai Asabar ta huɗu. Kafin a rufe jiki ana fara fentin ciki ne, wurin zaman matuƙi. Yaya ya yi nasa tsaf: kujera koriya, bel ruwan ƙasa, agogunan gaba kowanne da ɗigon farin fenti da ya sa da bakin allura. Auta kuwa ya fenta kujerarsa, ya ƙura mata ido, ya ja tsaki.

"Wannan ba wanda ya taɓa zama a kanta," ya ce. Ya ɗauki samfefa ya goge gefen hagu har fenti ya koɗe, ya dangwali baƙi da yatsa ya shafa inda bayan mutum ke jingina. "Haka tawa take a bas. Wurin da kake zamewa ka fita shi ke fara cinyewa."

Daidai lokacin matar Yaya ta zo wucewa da Baba, tana riƙe da shi yana 'yar tafiyarsa ta rana. Tsohon ya tsaya. Ya sunkuya kan 'yar kujerar da ba ta kai farcen babban yatsa ba, ya daɗe yana kallo.

"Haka take," ya ce a hankali. "Nan gefen. Kullum sai mun sake mata fata."

Ta Yaya tana nan kusa, tazarar taƙi ɗaya, da agogunanta da komai. Ko ƙyalla mata ido Baba bai yi ba. Suka wuce.

Auta ya yi ta murna kamar an ba shi sabuwar mota. "Ka ji, Yaya? Ka ji ya tuna?" Ya jawo ɓari biyun jirginsa, ya bi gefunansu da gam. Gwangwanin noti yana tsakiyar tebur, tsohon gwangwanin madara da Yaya ke tara su a ciki, nasa jirgin ma tun ɗazu ya ci uku kafin Auta ya iso. Yaya ya dubi hancin jirgin ƙaninsa, fayau, ba komai. Ya dubi gwangwanin. Hannunsa ya tafi da kansa, ya ɗauki murfin kwali ya kifa a kai.

"Yaya, in rufe?"

Maganar tana bakinsa. Kalma biyu ce kacal, sa noti. Har muryar Baba ya ji a kunnensa, ta shekara arba'in da shida baya, tana cewa riƙe masa hannu.

"Jirginka ne," ya ce, ya mai da ido kan burushinsa.

Auta ya haɗa ɓarin biyu, ya matse, ya naɗe su da robali. Gam ɗin nan narkar da roba yake ya haɗe ta, minti goma ta zama jiki ɗaya. Yaya ya zauna yana kallon agogon bango har minti goman suka cika.

Ran Litinin a wurin aiki abokin aikinsa, wani dattijo da suka shekara ashirin tebur na kallon tebur, ya zo zai zuba roba a mazubin haƙora bai shafa man da ke hana ta kamawa ba. Kafin Yaya ya san abin da yake yi ya cafke wuyan hannunsa. "Tsaya! Ka manta mai." Dattijon ya yi ta godiya, ya ce shi ya sa yake son zama kusa da shi, idonsa ba ya barin kowa ya faɗa rami. Yaya ya koma kujerarsa ya ture abincin rana gefe.

Sati biyar suka biyo baya, kuma a kowannensu yana iya magana. Tayoyi daga ƙarshe ake sa su, don kada su karye wurin fenti, saboda haka jirgin Auta kwance yake a kan soso, ba abin da zai tona asiri. Sau ɗaya har Yaya ya buɗe baki. Sai Auta ya zaro wani ƙullin takarda daga aljihu, baƙin hayaƙi ne da ya kankaro daga salansar bas ɗinsa, ya shafa shi da ɗan yatsa a bayan injinan, ya ja shi baya yadda iska za ta ja. Ya ɗiga man inji na gaske a ƙarƙashin fiffike. Ya kankare fenti a inda takalmin bakanike ke takawa. Wallahi abin haushi, jirgin ya tashi daga roba ya zama jirgi, kamar yanzu ya sauka yana huci. Ga gam ya yi tabo a gilashin matuƙi, ga sitika ɗaya a karkace, amma idonka ba ya zuwa can. Shekara arba'in da shida Yaya yana wannan aiki, ga wani ya zo da datti a aljihu cikin wata biyu ya yi abin da bai taɓa zo masa a rai ba. Ya rufe bakinsa, bai sake buɗewa ba.

Nasa kuwa ya yi kyau, kyau na ƙarshe. Ba tabo, ba a ganin layin haɗi, lambar wutsiya daidai da ta hoto. Ya kira matarsa ta gani.

"Ya yi kyau," ta ce. "Kamar haƙoran nan da wasu ke sa ka yi musu farare tas. Sun yi kyau har ba a yarda da su." Ta juyo ta dube shi. "Ranar nan da nake shara na ga an kifa wa gwangwanin notinka murfin kwali. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin ka rufe shi ba."

"Ƙura ce ke shiga."

"Ƙura," ta ce. "To. Allah ya kyauta." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Suka sa ranar Asabar da safe, bayan Baba ya sha shayi, don lokacin ne kansa ya fi washewa. Auta ya tafi da nasa gida ya ƙarasa, sai a safiyar ya manna tayoyi, ya kawo shi rigingine cikin kwali a kan auduga don gam bai gama kamawa ba. Aka jawo tebur gaban kujerar Baba, kusa da taga.

Yaya ne ya fara. Ya ajiye nasa da hannu biyu, ya tsaya cak a kan taya uku, hasken taga na zamewa a kan fukafukansa. Ya jingina tsohon hoton a gefe.

Baba ya duba. Ya yi murmushin nan na baƙo. "Masha Allah. Na shago ne? Mayar musu, bawan Allah, kafin ya yi datti."

Wata biyar na rayuwarsa ke nan. Yaya ya ja da baya ya jingina da bango.

Auta ya fito da nasa, ya juya shi, ya dasa shi a kan tayoyinsa, ya saki. Jirgin ya ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ya koma baya, ƙwas, wutsiya ta bugi tebur, hanci ya kalli silin, tayar gaba na reto a iska. Auta ya danna hancin da yatsa, ya saki. Ƙwas. Ya sake dannawa. Ƙwas.

"Kai! Yaya, me ya same shi?"

Ba za a ɓoye ba, Yaya ya ji daɗi. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, sanyin da yake jira tun ranar saman bene. Bai wuce numfashi uku ba.

"Matokari!"

Muryar ta cika ɗakin. Ba ta tsohon da ake ba magani a baki ba ce, ta mai gareji ce, wadda a da take tsayar da mutum daga wancan gefen titi. Baba ya miƙe zaune yana nuna jirgin. "Wa ya sauke inji bai tokare wutsiya ba? Ku kawo matokari, mutanen banza!" Sai kuma ya fashe da dariya, wushiryar nan a waje. Ya ba su labari tiryan-tiryan: ranar da suka sauke injinan jirgin nan duka biyun don gyara, wani sabon bakanike ya manta ƙarfen da ake tokare wutsiya da shi, jirgi ya zauna daɓas, ga babban hafsa yana tahowa duba aiki, su goma sha biyu suka ɗare kan hanci kamar birai don su danne shi. Ya faɗi laƙabin mutum biyar a cikinsu. Ya faɗi wanda wandonsa ya yage. Matar Yaya tana bakin ƙofa tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Sannan dariyar ta lafa. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki jirgin, ya ɗora cikinsa a kan yatsa ɗaya, ya ga yadda ya rinjaya baya. Ya kai shi kunne ya girgiza.

"Hanci bai ci abinci ba," ya ce. "Wa ya haɗa?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ban koya maka ba, kai fasawa ka iya. A teburin wa?"

Auta ya yi dariya, bai san abin da yake jawowa ba. "A teburin Yaya mana. Shi ya koya min komai."

Baba ya juya a hankali. Idonsa ya bi bango har ya iso kan mutumin da ke jingine, ya tsaya. Babu murmushin baƙo. Kallo ne na wanda ya san ka tun ranar da aka haife ka, ya kuma san inda kake ɓoye abin da ka fasa.

"Injiniya."

Shekara biyu Yaya yana roƙon Allah wannan kalma. Ya sha ƙiyasta yadda za ta zo, da shafa kai, da hawaye.

"Na'am, Baba."

"Kana zaune aka rufe?"

Yana iya cewa ya fita shan ruwa. Yana iya cewa bai lura ba, wa zai ƙaryata shi, tsohon da kafin azahar zai manta? Amma mahaifinsa ne ya dawo, na minti nawa Allah kaɗai ya sani, kuma ba zai ɓata su wurin yi masa ƙarya ba.

"Ina zaune, Baba."

"Ka gani?"

"Na gani."

Baba ya girgiza kai. "Kai da ka fi kowa hannu," ya ce. Ya ɗora jirgin a cinya ya ci gaba da shafa baƙin hayaƙin da ɗan yatsa, kuma kafin a kwashe kofunan shayi ya tambayi matar Yaya ko an ba wannan bawan Allah abinci.

Auta bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya mukullin bas a yatsa. "Ashe ka sani, Yaya," ya ce. "Ni wallahi don in samu in zauna kusa da kai na ɗauko kwalin nan. Baba ai ko dutse na kai masa zai karɓa." Ya fita, ko lemon bai tsaya ɓare wa Baba ba kamar yadda ya saba.

Baba ya ƙi rabuwa da jirgin, aka ajiye masa a kan durowar gefen gado, zaune a kan wutsiyarsa. Washegari Yaya ya shigo da ruwan wanka. Tsohon ya dubi jirgin, ya dube shi.

"Injiniya. Kana zaune aka rufe?"

Kwana uku a jere haka. A na huɗu Yaya ya kasa jurewa, kafin Baba ya farka ya lallaɓa ya cusa kwalin ashana ƙarƙashin wutsiyar, jirgi ya tsaya daidai a kan taya uku. Baba ya farka, ya dube shi kamar yadda ya dubi arba'in da ukun nan na kabad. Aka yi wanka, aka ɗaura maɓalli. "Na gode, bawan Allah. Allah ya saka wa iyayenka." Yaya ya daɗe tsaye da tawul a hannu. Sannan ya miƙa yatsa ya zare kwalin ashanar. Ƙwas.

Sati biyu Auta bai zo ba. A na uku ya zo, ba lemo, sai wata 'yar na'urar huda a aljihu. Ya tarar da Yaya a ɗakin aiki. Kyakkyawan jirgin ya riga ya shiga kabad, na arba'in da huɗu, tsaye cak, ba mai kallonsa.

"Na tambayi mai shagon," in ji Auta, bai zauna ba. "Ya ce ana huda ƙarƙashin hanci, wurin taya, a zura dalma a toshe. Minti ashirin. Ka fi ni sani. In ba za ka yi ba, ni zan yi."

Yaya ya san hanyar, ya san ma wadda ta fi ta. Ya dubi ƙaninsa. Kishin yana nan, bai je ko'ina ba, don ko ɗan abin da ya samu a jirgin Auta ya same shi, ba a nasa ba, kuma wannan zai ci shi har ƙarshen ransa. Amma ya tashi ya jawo kujera da kansa, ba wanda ya aike shi.

"Zauna, Auta. Na cuce ka, ka yafe min. Zan samo maka wani kwalin mu haɗa tare, ni zan miƙo maka noti da hannuna. Amma wannan, don Allah, ka bar min shi yadda yake."

Ya ba shi labarin kwalin ashana. Auta ya saurara, ya daɗe yana kallon na'urar da ke hannunsa. Sannan ya zauna.

"Kullum fa zai riƙa tsare ka da tambayar nan, Yaya. Kowace safiya."

"Na sani."

"Kuma ka ji ka gani?"

"Da sunana yake farawa," in ji Yaya.

Jirgin yana nan a kan durowa, hancinsa a sama. Matar Yaya in ta zo goge ƙura, kewaye shi take yi. Ƙarfe bakwai Yaya ke shiga da bokiti da tawul, ya ajiye, ya ɗage labule, ya tsaya inda haske zai kama fuskarsa, ya jira tsohon ya dubi jirgin ya juyo.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Kana zaune aka rufe?"

"Ina zaune, Baba," ya ce, sannan ya durƙusa ya fara ɓalle masa maɓallin riga.